Agranulositosis: na tsaya a kan "ƙafewar dakarun jini"

Jama'a, musamman ma'aikatan lafiya da masu nazarin harshe, ga wata kalma da ya kamata mu zauna a kanta: agranulositosis. Wani likita Bajamushe, Werner Schultz, shi ya fara bayyana ciwon a birnin Balin a 1922, bayan ya ga marasa lafiya da zazzaɓi mai zafi da maƙogwaro ya yi gyambo, aka duba jininsu aka tarar wani rukuni na fararen ƙwayoyi ya ɓace. Sama da shekara 100 ke nan, amma har yau idan likita zai yi wa Bahaushe bayaninsa sai ya yi ta kame-kame. Abin da ya sa ya dame ni shi ne, ran mai wannan ciwo ya rataya ne a kan ya gane gargaɗin da aka yi masa tun ranar da aka miƙa masa magani.

Kafin a raɗa suna, a san jaririn. Fararen ƙwayoyin jini iri-iri ne, kuma mafi yawansu su ne waɗanda ake kira nutrofil. Su ke riga kowa isa wurin da bakteriya ta shiga, su haɗiye ta, su mutu a wurin. Mugunyar da ke fita daga maruru yawancinta gawarwakinsu ne. Ba sa daɗewa a cikin jini, shi ya sa ɓargo ba ya hutawa, kullum yana fitar da sababbi kimanin biliyan 100. A gwaji, ana son a ga sama da 1,500 a maikirolita ɗaya na jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo. Idan suka yi ƙasa da haka, likitoci su ce nutrofiniya. Idan suka faɗo ƙasa da 500, to an shiga agranulositosis. Magani kan jawo haka ta hanya biyu: ko ya sa garkuwar jiki ta juyo ta far musu, ko ya zame wa ɓargon guba ya daina fitar da su.

Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "ƙarancin fararen ƙwayoyin jini". Ba ƙarya a ciki, amma ina tsoronsa. Kunnen mai sauraro zai tsallake kalmomin tsakiya ya ji "ƙarancin jini" kawai, ya tafi neman maganin ƙarin jini, alhali jajayen ƙwayoyinsa lafiyarsu ƙalau. Kuma kalmar ƙaranci ta yi sanyi da yawa ga ciwon da kan kwantar da mutum cikin awanni.

Akwai mai cewa "karyewar garkuwar jiki". Wannan kuma ƙanjamau ta riga ta mallake shi. Ka faɗa wa mai ciwon maƙoƙo da magani ya jawo masa wannan ciwo haka, ka jefa shi da iyalinsa cikin zullumin da ba shi da tushe. "Sojojin jiki" ma da ake yawan faɗa ya fi tafiya da ƙwayoyin da ake ƙirgawa a gwajin masu ƙanjamau, waɗanda wani rukuni ne dabam. "Bushewar ɓargo" kuwa ya fi dacewa da ciwon da ɓargo ke daina fitar da komai, ja da fari har da ƙwayoyin daskarar da jini.

Shawarata ita ce nutrofil su zama "dakarun jini", tunda su ne a sahun gaba. Nutrofiniya ta zama "raguwar dakarun jini", agranulositosis kuma "ƙafewar dakarun jini". Idan magani ne sila, a ƙara "ta sanadin magani".

Na fifita ƙafewa a kan ƙarewa da gangan. Abin da ya ƙare ya tafi ke nan. Rijiya kuwa takan ƙafe ta sake kawo ruwa, kuma haka ɓargo yake: idan aka dakatar da maganin da ya jawo matsalar, dakarun kan dawo cikin mako 1 zuwa 3. Kalmar tana tsoratarwa daidai gwargwado ba tare da ta yanke wa mutum ƙauna ba.

Raba raguwa da ƙafewa ba ƙawa ba ne. Mutane da yawa 'yan asalin Afirka, waɗanda jajayen ƙwayoyinsu ba su da alamar da ake kira Duffy, adadin dakarunsu kan zauna ƙasa da 1,500 tun haihuwa, kuma ba sa kamuwa da cuta fiye da kowa. Idan muka yi wa duka biyun suna ɗaya, za mu mai da lafiyayye majinyaci, har a hana shi maganin da yake buƙata. Irin wannan mai raguwa ne ta halitta, ba mai ƙafewa ba.

Su wane magunguna ake magana? Maganin sankara kowa ya san yana rage dakaru, har ana iya lissafa lokacin, galibi kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne na ba-zata, wanda kan faɗa wa mutum ɗaya ya ƙyale ɗaruruwa. Akwai kilozafin, wato Clozaril, na taɓin hankali mai taurin kai, wanda kan taɓa kusan mutum 1 cikin 100. A 1975 mutum 8 suka rasu a ƙasar Finlan ta dalilinsa, aka janye shi a wurare da dama, da ya dawo kuma sai da sharaɗin gwajin jini. A Birtaniya kowane mako ake yi har mako 18 na farko. Akwai kabimazol da 'yan uwansa na ciwon tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, waɗanda haɗarinsu ya fi yawa a wata 3 na farko. Akwai metamizol, wato Novalgin, wanda Amurka ta haramta a 1977. Septrin da dafson da salfasalazin ma suna cikin sahu.

Yanzu ku gwada kalmar a wurin aiki. Mutum yana shan ɗaya daga cikin waɗannan, sai zazzaɓi ya kai digiri 38, ko maƙogwaro ya yi ciwo, ko baki ya fashe. Kada ya ce mura ce ya jira gobe. A ranar za a gwada jininsa. Idan ƙafewa ce, a tsayar da maganin nan take, a kwantar da shi, a ɗebi jini don gano ƙwayar cutar, sannan a fara antibayotik mai faɗin aiki ta jijiya cikin awa guda, ba a jiran sakamako. Dalilin gaggawar shi ne jikin da ba dakaru ba ya tara mugunya, ba ya kumbura sosai, saboda haka cuta kan yi nisa a ɓoye, zazzaɓin ne kaɗai ke tona ta. Sau da yawa akan ƙara da allurar filgirastim mai zaburar da ɓargo, musamman ga wanda ya haura shekara 65, ko wanda dakarunsa suka yi ƙasa da 100, ko cuta ta riga ta shiga jininsa. Masu jinya su yawaita wanke hannu, mai tari ya haƙura da dubiya. Bayan ya warke, a rubuta sunan maganin a katinsa kada a sake ba shi, kuma a yi hattara da dangin maganin, domin wanda kabimazol ya ƙafar wa dakaru ba a cika mai da shi kan ɗan uwan kabimazol ɗin ba.

Ga yadda nake so in ji mai ba da magani yana faɗa: "Baba, wannan maganin yakan ƙafar da dakarun jinin wasu mutane. Idan ka ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, ka dawo a ranar a duba jininka, ko da dare ne." Masu aiki a ɗakunan jinya, ku gwada ta a kan marasa lafiya da danginsu, ku dawo mana da abin da suka fahimta. Allurar filgirastim kuma ni "mai tayar da ɓargo" nake ce mata, sai dai ina jiran wanda zai kawo abin da ya fi shi.