Idan wata manhaja ta tare ƙofa ta 80

Da muka zauna da abokan aiki kan Nginx (manhajar da ke gabatar da shafukan yanar gizo) da ya ƙi tashi, wai ƙofar sadarwa ta 80 a kame take, bakinmu ya zo ɗaya: kafin ka kashe komai, fara gano mai riƙe da ƙofar.

A Linux, rubuta sudo ss -ltnp ko sudo lsof -i :80, za ka ga sunan manhajar da lambar aikinta. Kar ka manta da sudo, wanda ke ba ka ikon mai kula da na'urar, in ba haka ba sunan ba zai fito ba idan ba kai ka tayar da ita ba. A tamu sabar, Apache, wata manhajar mai aiki irin na Nginx, ce ta riga shiga.

Inda aka ja zance shi ne kill -9, umarnin da ke kashe manhaja nan take da ƙarfi. Wasu sun saba da shi don sauri, amma ni ina bayan masu cewa a fara da kill kawai, domin yana ba manhajar damar rufe fayilolinta lafiya. Rumbun bayanai musamman ba ya son a yanke masa numfashi farat ɗaya.

Idan ka kashe ta ta sake dawowa, mai yiwuwa systemd ne, mai kula da tayar da manhajoji a Linux, ke tayar da ita. Sai ka yi systemctl stop apache2, sannan systemctl disable apache2 don kada ta tashi idan an sake kunna sabar.

Masu Windows kuwa, netstat -ano don gano manhajar da taskkill don kashe ta sun wadatar.