Neman shawara: ina ruwan da ƙoda ta tace yake zuwa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta karatun aikin jinya, kuma darasin ƙoda ya ɗaure mini kai. An koya mana cewa ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini kowace rana, alhali fitsarin yini guda kusan lita ɗaya da rabi ne. Ina sauran yake zuwa? Damuwata ta ƙaru saboda mahaifina yana fama da ciwon suga, yana tashi fitsari sau huɗu kafin asuba, kuma na ga kiyashi suna taruwa a bakin fo ɗinsa. Shin ƙodarsa ce ta lalace?

Wani malamin kimiyyar jikin ɗan'adam:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya da ake kira nefuron, kuma a bakin kowanne akwai dunƙulen siraran jijiyoyin jini mai aiki kamar rariya. Ƙwayoyin jini da manyan furotin ba sa wucewa, amma ruwa da gishiri da suga da dattin jiki duk tare suke zubowa, domin rariya ba ta bambance mai amfani da marar amfani. Tantancewar tana faruwa ne a siririn bututun da ke biye, wanda sashensa na farko yake mayar wa jini kusan kashi biyu cikin uku na ruwan da gishirin, tare da sugan gaba ɗaya. Kafin a kai mafitsara, kusan kashi 99 cikin 100 ya koma jiki.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Allah ya ba Baba lafiya. Bututun nan yana da iyakar sugan da zai iya kwashewa. Idan sugan jini ya haura kimanin miligiram 180 a desilita, rarar takan bi fitsari, ta ja ruwa tare da ita, shi ya sa yawan fitsari da ƙishirwa suke tafiya tare. Wannan ba ya nufin lallai ƙodar ta lalace, amma ban yarda a jira ba, domin ciwon suga yana cin ƙoda a hankali ba tare da zafi ba. Ku kai shi asibiti cikin makon nan a auna suga da hawan jini, a duba kiretinin (wani dattin jiki da ƙoda take fitarwa) a jini da furotin a fitsari. Ku tafi da duk magungunansa, saboda akwai maganin suga da aikinsa shi ne fitar da suga ta fitsari. Kuma don Allah ya daina sayen maganin ciwon jiki a kemis barkatai.

Mai tambaya:
Na gode, Malam da Anti. Yayana zai kai shi ranar Litinin, in sha Allah.