Gilaikojin: rumbu ne, guzuri ne, ko dami?

Jama'a, na zo da wata kalma da ta hana ni sakat. Ina horar da yara 'yan ƙwallo a wani fili wajen Ƙofar Marusa. Ran nan na sa su gudun tsere na mita ɗari-ɗari, a karo na shida wani ya zube yana riƙe da cinya, ya ce, "Koci, me ke cinye mini ƙarfi haka?" Na buɗe baki zan ce gilaikojin, sai na ga ai ban gaya masa komai ba. Shi ya sa na shiga neman sunan da za mu kira shi da Hausa.

Ga abin da ake nufi. Tuwon da ka ci, hanji na mai da shi sukari, wato gulukos. Wanda jiki bai buƙata nan take, sai ya ɗaure ƙwayoyinsa dubbai wuri guda, reshe kan reshe, ya adana; wannan shi ne gilaikojin. Babban mutum na ɗauke da kimanin giram 400 a tsoka, giram 100 a hanta. Wani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya fara ciro shi daga hanta a 1857. In ka zura da gudu iya ƙarfinka, numfashi ba ya isar da iska da saurin da tsoka ke so, sai ta kwance wannan ajiya ta fasa sukarin ba tare da jiran iska ba. Hanya ce mai sauri amma akwai ɓarna: ƙarfin da take samu daga kowace ƙwaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda iska za ta ba ta ba.

Wani malamin kimiyya ya ce a kira shi "rumbun sukari". Malam, da girmamawa, rumbu mazubi ne, mu kuwa hatsin muke nema wa suna. Hanta ita ce rumbun, tunda ita ke sako wa jini sukari a raba wa kowa, musamman ƙwaƙwalwa, kamar lokacin azumi.

Wata 'yar'uwa daga Daura ta kawo "guzurin tsoka". Wannan ya burge ni, don na cikin tsoka mai rowa ne: cinya ba ta iya sakin nata cikin jini ta sam wa hannu, kowa nasa yake ci. Sai dai sunan ya bar na hanta a waje.

"Sukarin ajiya" ba laifi, amma mai ciwon sukari zai ji shi ya tsorata.

Ni dai na tsaya kan "damin sukari". Duk wanda ya taɓa ganin kaka ya san zangarniya ba a ajiye ta warwatse, ɗaure ta ake yi. Kuma dami ba ya shiga tukunya sai an kwance an sussuka, kamar yadda tsoka ke cire sukarin ƙwaya-ƙwaya daga bakin rassan. Sai mu ce damin hanta, damin tsoka.

Na gwada shi a fili jiya. Yaron nan ya sake tsayawa yana haki, ya ce, "Koci, damina ya ƙare." Mai tsaron gida ya leƙo daga raga ya ce, "Damina ta ƙare tun tuni, ba ka ga hazo ba?"