Sayen kayan makaranta: araha ko abin da ba zai cutar da muhalli ba?

Jami'ar saye daga Kano:
Assalamu alaikum. Ni nake kula da sayen kaya a wata makarantar kwana mai zaman kanta, kuma duk lokacin da 'yan kwangila suka kawo farashi, kwamitinmu mafi araha yake ɗauka. Bana za mu sauya janareta, ni kuwa na fi son a koma hasken rana, domin kuɗin dizal ya yi mana nauyi kuma hayaƙin injin har ɗakin kwanan yara yake shiga. Da wace hujja zan tunkare su?

Tsohon akawu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Araha ba ta ado, amma kwamiti lissafi yake ji, ba karin magana ba. Ki rubuta musu abin da janaretan zai ci cikin shekara biyar, wato kuɗin saye da dizal da baƙin mai da ladan makaniki, sannan ki ajiye na hasken rana a gefensa. Ko dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati, ba ta ce a bai wa mafi araha kai tsaye ba. Sai tayinsa ya cika sharuɗɗan da aka gindaya tukuna. Dokar ba ta hau kanku ba, sai dai darasinta yana da amfani: a wajen rubuta sharuɗɗa ake shigar da batun muhalli, tun kafin a kira kowa.

Injiniya daga Zariya:
Na yarda da Baba, amma ina roƙon Hajiya ta kula da batura. Masu arahar na darma ne, kuma idan suka mutu sukan faɗa hannun masu fasa su a bayan gari, ruwansu ya malale cikin ƙasa. Gubar darma ce, ta hanyar haƙar zinariya, ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, don haka ba abin wasa ba ce. A sa a cikin yarjejeniya cewa mai kayan zai karɓi tsofaffin batura, ya kuma bayyana a rubuce inda yake kai su.

Jami'ar saye daga Kano:
Na gode ƙwarai. Rasit ɗin dizal na shekara biyu suna hannuna, da su zan fara kafin zaman kwamiti na gaba.