Ina son mu hau kayak a kogin Volta ni da iyalina, amma tana tsoron ruwa

Abban Yusra, Tema:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san yankin Akosombo.

Ni ɗan Kano ne, shekara uku ke nan ina aiki a Tema, ƙasar Gana. Iyalina na gida, amma za ta zo hutun ƙarshen shekara tare da 'yarmu mai shekara huɗu, sati biyu za su yi. Ba na son zuwan nata ya ƙare tsakanin ɗaki da kasuwa. A watan jiya aiki ya kai ni Atimpoku, na tsaya kusa da gadar Adomi bayan la'asar, na ga mutane bibbiyu cikin ƙananan kwale-kwalen nan na roba da ake kira kayak, suna tuƙi a hankali, ruwa kwance, duwatsu masu itatuwa sun kewaye su. Tun ranar abin ya zauna min a rai. An ce otal-otal na bakin kogin suna ba da haya.

Ga inda na tsaya. Ban taɓa riƙe filafili ba. Na iya iyo kaɗan, ita ba ta iya ba sam. Kuma 'yar Bichi ce, tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai na 2021 da ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya ba ta son ko jin maganar jirgin ruwa. Da na faɗa mata a waya, cewa ta yi "to, Allah ya kai mu." Na san matata, wannan ba amincewa ba ce.

Shin wurin ya dace da wanda bai iya ba? Me zan tambaya kafin in biya? Wane lokaci ya fi? Yarinyar fa?

Ɗan Yawuri:

Wa alaikumus salam. Ban taɓa zuwa Gana ba, amma a bakin Kwara na tashi, mahaifina basarke ne, don haka bari in faɗi abin da ya shafi kowane kogi.

Kada kwanciyar saman ruwa ta sa ka ce ruwan tsaye yake. Babban kogi mai zurfi shi ne ya fi yin shiru. Kafin ku shiga, jefa ɗan kara ko ganye, ka bi shi da ido na minti ɗaya, za ka ga inda ruwa ya nufa da irin saurinsa. To ku fara tuƙi kuna fuskantar inda ruwan ke fitowa, lokacin da ƙarfinku ke nan. In kun gaji, ruwa da kansa zai dawo da ku. Sabbin hannu akasin haka suke yi: su bi ruwa don daɗi, su yi nisa ba su sani ba, sai a dawowa kafaɗa ta mutu rana ta take. Haka iska ma, ku fara da fuskantarta.

Ku riƙa bin gefe, inda in ka ɗaga murya na kan tudu zai ji ka. In ka ga robobi ko gwangwanaye jere suna yawo a saman ruwa, ba shara ba ce, alamar ragar masunta ce, ku kewaye. In jirgi mai inji ya wuce, juya hancin kwale-kwalenku ya fuskanci igiyar da ya tayar. In ta buge ku ta gefe, nan ake kifewa.

Alhaji Baba, Nima:

Ɗana, wurin da ka gani na san shi tun ina yaron mota a hanyar Ho. Wannan yanki tsakanin madatsun ruwa biyu yake. A sama akwai ta Akosombo da aka gama a 1965, a ƙasa akwai ta Kpong ta 1982. Ta Kpong ce ke tare ruwan, shi ya sa ka gan shi kwance haka, kuma shi ya sa masu otal suka zaɓi wurin. Amma ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Adomi wanda ya fito ne daga injinan lantarki na Akosombo, don haka gudunsa na iya sauyawa gwargwadon yadda suka sake shi. Kada ku matsa kusa da madatsar, ba wurin wasa ba ne, kuma ba a yarda ba.

A watan Satumba na 2023 tafkin da ke bayan madatsar Akosombo ya cika, hukumar VRA mai kula da madatsun ta buɗe ƙofofi, ruwa ya ci garuruwa a ƙasa irin su Mepe da Battor, dubban mutane suka bar gidajensu. A irin wannan lokaci ba mai hankalin da zai shiga kogin don shaƙatawa. Amma ku a ƙarshen Disamba za ku je, rani ne, hunturu ya shigo. Hazo zai iya rufe duwatsun da ka gani, ka sani tun yanzu. Duk da haka, in kun isa ka tambaya ko ana sakin ruwa fiye da kullum.

Abu ɗaya da zan so ka faɗa wa iyalinka: wannan kogi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun san shi. Gishirin Ada, garin da ke bakin teku, ta cikinsa yake hawa a kwale-kwale har Kete Krachi, inda Hausawa suka kafa babban zango, inda Alhaji Umaru malamin nan ya zauna har ya rasu a 1934. Tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin tafkin. Mutane kusan 80,000 aka tasa lokacin da aka datse ruwan. Duk sanda na bi ta gadar sai na yi musu addu'a.

Abu Maryam:

Ni gaskiya ban ga dalili ba. Mace ba ta iya ruwa ba, kai ma ba ka ƙware ba, a ƙasar mutane. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ka kai ta lambun Aburi ta sha iska, ku dawo lafiya.

Maman Sadik, Madina:

Abban Yusra, ni maganar matarka ce ta tsaya min, ba ta kwale-kwalen ba.

Tsoronta ba na banza ba ne. Duk wadda ta ga gawarwakin yara jere a bakin ruwa, ko a hoto ne, ba za ka goge mata shi da cewa "ba komai" ba. In ta shiga don kunyarka kawai, jikinta zai sandare, ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu, kuma mai tsoro shi ne ke karkata jirgi. Sannan ko kun fito lafiya, abin da za ta tuna shi ne an kai ta inda ba ta so. Kai kuma daɗi kake son ta ji.

Ni ma haka nake da. Abin da maigidana ya yi, bai ce min za mu shiga ruwa ba. Cewa ya yi mu je mu ci abinci a bakin kogi. Muka zauna, ina kallon wasu mata da 'yan matansu suna fita suna dawowa suna dariya. Ya shiga shi kaɗai da mai rakiya, bai yi nisa da inda nake ba. Sai da ya dawo ni da bakina na ce a ba ni rigar kariya, mai hana nutsewa, in gwada. Minti goma sha biyar na yi a ranar, ban wuce tsawon jifa daga tudu ba, kuma ya ishe ni. Ka ba ta wannan damar, ka kuma shirya zuciyarka cewa wataƙila ta ƙi. In ta ƙi, kada ta ga canji a fuskarka.

Ka yi mata bayanin bambancin da gaskiya. A galibin hatsarin da muke ji a gida, lodi ne ya yi yawa, jirgin ya tsufa, ba mai rigar kariya, wani lokaci ma da duhu. Nan mutum biyu ne, da rana, kowa da rigarsa, kusa da gaɓa.

Batun sutura kuma ka saurara da kyau. Kada ta shiga da zani, ko doguwar abaya, ko hijabi har ƙasa. In suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, su rufe fuska. Ta sa wando mai faɗi marar nauyi da riga mai dogon hannu zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda za ta cusa ƙasansa cikin rigar kariya. Suturarta ta cika, ba abin da zai harɗe ta. Ku tafi da kayan canji, don ruwa na ɗiga daga filafili, zama a jiƙe ake yi. Kuma kai za ka ɗaure mata rigar da hannunka, ba sai wani ya taɓa ta ba.

Yusra kuwa a bar ta a tudu da wani babba da kuka yarda da shi. Rigar manya ba ta riƙe yaro, ta kansa take zamewa. Ko da suna da ta yara, ranar da ku biyun kuke koyo ba ranar ɗaukar yarinya ba ce.

Sani Ashaiman:

Na yi haya a can sau uku. Kafin ka ciro kuɗi, tambayi ko farashin na awa ne, kuma na mutum ɗaya ne ko na jirgi. Tambayi ko rigar kariya da mai rakiya suna ciki, da abin da za su caje ka in ka wuce lokaci. Wasu otal ɗin sai ka biya kuɗin shiga daban in ba kwana za ka yi ba. Ka kira tun kana Tema.

Ka nemi irin wanda ake zama a samansa, mai faɗi, mai kujera biyu, ba wanda ake zura ƙafafu cikin rami ba. Ya fi tsayuwa, kuma in ya kife ba abin da zai riƙe ka. Kai a baya, ita a gaba, na baya ne ke juya jirgi. Ta bar filafilin a cinyarta ma in ta so, kai kaɗai za ka iya. Ka ce lallai mai rakiya ya bi ku a nasa jirgin, ko da ƙarin kuɗi ne.

Rigar kariya ka duba ta da kanka. A wani wuri da ba zan ambata ba an taɓa miƙo min wadda maɗaurinta ya karye, aka ce in ƙulla da igiya. Na ƙi, sai ga mai kyau ta fito daga ɗaki. Bayan ka ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ja sama. In ta taho har kunne, ta yi yawa. In tsautsayi ya sa kun kife, kada ku saki jirgin, ba ya nutsewa. Ku riƙe shi ku jira mai rakiya, kada ka ce za ka ja ta zuwa gaɓa.

Lokaci: da safe, tsakanin bakwai da tara, ranar aiki. Makon Kirsimeti da ƙarshen mako wurin cika yake da jirage masu inji da kiɗa. Daga Tema ka bi ta Afienya da Shai Hills da Kpong, in ka fita bayan asuba ka isa da wuri. Yusra za ta ga birai a bakin titi a Shai Hills, amma ku rufe gilashi. Waya a jakar leda mai zif, a rataye a wuya.

Malama Nas:

Ba wanda ya taɓo tsargiya, kuma a Volta dole a faɗe ta. Tun da aka datse kogin ta yawaita a garuruwan bakin ruwa, domin ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar suna son ruwa mai kwanciya da ciyayi da kainuwa. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Don haka ku hau daga kan dakalin katako, kada ku tsaya cikin ruwan gefe mai ciyawa, kada a yi wanka, kada Yusra ta yi wasa a bakin ruwa, kada kuma a yi alwala da shi. Fitar ƙwayoyin ta fi yawa da tsakar rana, wannan ma dalili ne na zuwa da safe. In an jiƙe a goge jiki da tawul nan take, a canza kaya, amma wannan ragewa ne kawai.

In wani ya faɗa ruwan, ko kun jiƙe sosai, ku je a gwada ku bayan wata biyu ko da ba ku ji komai ba. In zazzaɓi ko ƙaiƙayi ko jini a fitsari ya bayyana, kada a jira, kuma a faɗa wa likita an shiga Volta. Maganinta praziquantel ne, yana aiki sosai, sai dai tsutsar da ta girma yake kashewa, shi ya sa shan sa washegari ba ya wadatarwa.

Abban Yusra, Tema:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na gode da tarihin nan, ban taɓa sanin sa ba. Abu Maryam, na ji maganarka, kuma Aburi na cikin shirinmu.

Maman Sadik, jiya da dare na kira ta na ce mata na lura ba ta so, kuma ba dole. Ta yi shiru, sannan ta ce abin da ke damunta shi ne kada mu shiga mu biyu a bar Yusra ba uwa ba uba in wani abu ya faru. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mun tsayar cewa za mu je ranar Talata da sassafe tare da abokin aikina da matarsa. Ni zan fara shiga da mai rakiya tana kallo. In ta ga za ta iya, za mu yi minti goma a gefe, inda za ta riƙa ganin yarinyar. Ta ce in saya mata wando da ƙaramin hijabi kafin ta iso, ko da ba za ta yi amfani da su ba.

Maman Sadik, Madina:

Madalla. Ka sayi hijabin mai launi mai haske, ja ko ruwan ɗorawa, don Yusra ta riƙa gane mamanta daga tudu. Allah ya kawo su lafiya.