Ombire ko balayaj: wanne ya fi dacewa da baƙin gashi?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gashin da ake magana a kai baƙi ne, ya kai kafaɗa, an taɓa yi masa baƙin rini wata takwas da suka wuce, ba a sa masa rilaksa. Ana so ƙasansa ya koma ruwan zuma ba tare da ya kakkarye ba. Ombire za a ce wa mai gyaran gashi ko balayaj? Kuma wanne ne bai cika neman komawa shago ba?

Mai Rinin Kai:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A ombire launi yana sauka ne daga sama zuwa ƙasa: tushe baƙi, tsakiya ya fara washewa, ƙarshen gashin gaba ɗaya ya yi haske. Ma'ana kusan kowane sili sai bilic, wato sinadarin da ke cire launin gashi, ya taɓa shi daga wajen haɓa zuwa ƙasa. Balayaj kuwa shafa bilic ake yi da burushi a kan zaɓaɓɓun tsagi, siriri daga sama, ya yi kauri a ƙasa kamar harafin V, a bar baƙin gashi a tsakani. Don haka gashin da bilic ke ci ya fi yawa a ombire, kuma a ƙarshen gashi yake ci, inda ya fi tsufa da rauni.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne baƙin rinin nan. Gashi na ƙaruwa da kamar santimita 1 zuwa 1.5 a wata, to a wata takwas sabon da ya fito bai wuce santimita 12 ba. Duk abin da ke ƙasa da nan rinanne ne, kuma nan ake son hasken. Rinannen gashi ba ya washewa daidai da wanda ba a taɓa ba: yakan tsaya a ja ko ruwan lemo, wani wuri ya fi wani. A ombire wannan rashin daidaiton fitowa yake ƙarara kamar ɗamara a gashi, a balayaj kuwa baƙin da aka bari yana rufe shi. Ni balayaj zan ce miki.

Anti Mai Almakashi:
Na yarda da ita, amma da sharaɗi. Balayaj na asali a buɗe ake barinsa, bilic ɗin ya bushe da wuri, idan ya bushe kuma ya daina aiki, shi ya sa da ƙyar yake ɗaga launi fiye da mataki 3 ko 4. Baƙin gashi yana mataki na 1 zuwa 2 ne a ma'aunin da ya ƙare a 10, ruwan zuma kuma sai wajen 7 ko 8. Ki ce a shafa da hannu amma a naɗe kowane tsagi a foyil, wato takardar alminiyam, danshi da ɗumi su zauna.

Difelofa, wato ruwan sinadarin da ake kwaɓa garin bilic da shi, mai lamba 20 (ƙarfinsa kashi 6 cikin ɗari) ko 30 (kashi 9) ya isa. Kada ki yarda da 40 don a gama da wuri, gashin zai yi laushi yana miƙewa idan ya jiƙe, daga nan sai karyewa. Haɗin yakan zama garin bilic ɗaya, difelofa ɗaya da rabi zuwa biyu, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. A riƙa buɗe foyil ana dubawa duk minti 10, kada a wuce lokacin da ke jikin gwangwanin, yawanci minti 45 zuwa 50. Idan a zama na farko ya tsaya a ruwan ƙasa mai ja, ki karɓa haka, ki dawo bayan sati 6 ko fiye.

Kafin komai a gwada a sili kaɗan daga ƙeya. Idan tsohon rinin ko lallen gashi yana da sinadarin ƙarfe a ciki, silin zai ɗau zafi, wani lokaci har ya tsinke. Gwajin fata kuma, don a ga ko jiki zai karɓi sinadarin, a bayan kunne ake yi, awa 48 kafin ranar.

Uwar Biyu:
Na gode Anti. To idan dai ombire ɗin ake so fa, ta yaya ake hana layin nan fitowa?

Anti Mai Almakashi:
Ana taje kowane tsagi baya-baya zuwa tushe kafin a shafa bilic, gajerun silin su tattare sama, sai iyakar ta watse. Idan mai gyaran bai yi haka ba, layi ne zai fito miƙaƙƙe.

Ƙawar Gashi:
Kan komawa shago, duka biyun suna kai wata 3 zuwa 4 tunda ba a taɓa tushe. Abin da ke gudu da wuri shi ne tona, rinin da ake ɗorawa bayan bilic don daidaita launi, yakan koɗe cikin sati 6 zuwa 8. Idan gashin ya koma ruwan lemo shamfu mai shuɗi ake nema, mai launin shunayya (purple) kuma na gashin da ya koma rawaya ne, sau ɗaya a sati ya wadatar. Duk ranar da kuma aka yi tunanin sa rilaksa, kada ya hau inda bilic ya ci.