Dan Allah a taimaka min da "put forward"

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu turanci ku taimaka min. Jiya a mitin ɗin ofis oganmu ya ce "she put forward a good idea", ni kuma da na ji put na ji forward sai na ɗauka tura abu gaba ake nufi, wato an ɗage shi zuwa wani lokaci, amma da na ga kowa yana ta yaba wa matar sai na gane ba haka ba ne. Me yake nufi takamaimai? Ina da rahoto da zan rubuta sati mai zuwa, ina so in saka shi amma ina tsoron kar in yi kwaɓa.

Malamin_Nahawu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Gabatarwa yake nufi, ki kawo shawara ko ra'ayi gaban jama'a domin su duba, su karɓa ko su ƙi. Ki riƙe wannan da kyau, in an ce mutum ya yi put forward ɗin abu ba a ce an amince da shi ba, kawai dai ya ajiye shi a gabansu ne. Ya fi tafiya da idea, proposal, plan, suggestion, argument da theory. Ɗagewar da kika zata kuwa put off ne.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne wakilin suna. Za ki iya cewa "put forward a plan" ko "put a plan forward", duk daidai ne, amma da zarar it ko them ya shigo to dole ya zauna a tsakiya, "put it forward", ba a cewa "put forward it" sam. Kuma put ba ya sauya kama ko da jiya aka yi abin, babu putted a nan.

Abu_Fatima:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi domin ni kaina na daɗe ina cakuɗa su. Come up with shi ne ki ƙirƙiro dabarar a kanki, put forward kuma ki fito da ita fili, kin ga wani zai iya ƙirƙirowa wani daban ya gabatar. Bring up tayar da zance ne kawai ko da ba ki zo da wata shawara ba. Put across kuma ki yi bayani har mutane su fahimta. A rahoto ni put forward nake zaɓa, ya fi bring up nauyi nesa ba kusa ba.

Ummu_Hanan:
Kai na gode sosai, Allah ya ƙara ilimi. To Malam duba min wannan: "The proposal was put forward by our team". Sannan na taɓa jin an ce "he put his name forward", shi ma shawara ce?

Malamin_Nahawu:
Amin. Jimlarki daidai take, ki saka ta a haka. Na biyun kuma miƙa suna ne, mutum ya gabatar da kansa don wani muƙami ko aiki. In wasu ne suka miƙa sunansa sai a ce "they put him forward", kin ga him ɗin ma a tsakiya ya zauna.